Lesin Turanci na bayan La'asar a Tudun Wada: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Masu tambayata a kan lesin Turancin da na shiga sun yi yawa, galibinsu 'yan'uwana masu sana'ar girki, sai na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Ba zan kama sunan makarantar ba, don akwai abin yabo akwai na kushe, kuma ba na son a ce na fito toshe wa wani hanyar abincinsa. Bene ne a Tudun Wadar Kaduna, ta wajen Poly. Ƙasa shagunan masu buga takardu da kwamfuta, sama ɗakuna biyu da aka zuba wa bencina aka mayar azuzuwa. Ni daga Unguwar Dosa nake zuwa, sai na canza Keke Napep a hanya, kuma in cunkoson wajen Kasuwar Sheikh Gumi ya ritsa da ni, sai dai in tarar an yi nisa.

Sana'ata dafa abincin taro: biki, suna, walimar sauka. 'Yan shekarun nan kuma Allah ya haɗa ni da ƙungiyoyin nan masu shirya bita a otal-otal da ɗakunan taro, mutum hamsin, mutum ɗari, karin safe da abincin rana. Su waɗannan ba sa ciniki da baki. Komai ta imel, komai da Turanci. Na gama sakandare, na ci Turanci a WAEC, karatu ba ya gagarata. Abin da ke ba ni wahala shi ne sanin inda mai rubutun ya tsaya. In Bahaushiya ta ce mini "to, bari in yi shawara da maigida," daga yadda ta ja "to" ɗin nan na san ko in tafi sayen kaji ko in yi zamana. A imel babu fuska babu murya, sai kalma tsagwaronta. Mu kuwa a wannan sana'a jinkirin kwana ɗaya asara ce, tumatir da kaji ba sa jiran kowa.

Kwas ɗin suna ce masa Turancin aiki. Wata biyu ne, Litinin da Talata da Laraba, daga bayan La'asar zuwa dab da Magariba. Naira 30,000 na biya, ban da kuɗin takardun da ake rabawa. Ajinmu haɗin gambiza ne: ma'aikatan jinya masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don neman aiki a Ingila, wani Alhaji dattijo mai kayan gyaran injina a Panteka da ke hulɗa da 'yan Sin, wani matashi ma'aikacin banki, 'yan mata biyu masu jiran JAMB, wata tela daga Kasuwar Barci, sai ni. Babban malamin, wanda kowa ke kira Malam kawai, tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya. Abin da ya fara burge ni da shi, bai hana Hausa a aji ba. Mu da muka taso ana cin tararmu in mun yi "banakula" a makaranta, sai ga mutum da Hausa yake warware Turanci, kuma Hausar tasa mai kyau, ba ta 'yan boko mai tsarma-tsarma ba.

Makonni biyun farko ba wani sabon abu: gaisuwar wasiƙa, yadda ake buɗe imel da rufe shi, rubuta farashi da rasit. Mako na uku shi ne ya fanshe mini kuɗina, a kansa zan fi tsayawa.

Ran nan Malam ya shigo ya ja dogon layi a allo. Ya rubuta "hannu bibbiyu" a wannan ƙarshe, ya rubuta "ƙememe" a wancan, ya ce kafin mu taɓa Turanci mu cike masa tsakiyar da Hausa. Nan aji ya kaure. Ɗari-ɗari, noƙewa, jan ƙafa, inda-inda, sanyin jiki, ƙyuya, ganda, ƙyashi, turjiya, cijewa, taurin kai. Alhajin Panteka ya dubi tela ya ce, "Malam, a sa 'dawo gobe' irin na su 'yar nan a makon Sallah." Ita kuma ta ce, "Baba, sai a haɗa da 'kaya na kan ruwa' irin naku." Da dariya ta lafa, Malam ya nuna allon da ya cika ya ce babu Bahaushen da zai ce mai ɗari-ɗari da mai taurin kai abu ɗaya suke yi, to haka Turanci ma yake. Damuwar ita ce an koya mana kalmomin a jere kamar duk ma'anarsu ɗaya, don mu ci tambayoyin nan na jarrabawa da ake cewa a zaɓi wadda ta fi kusa da ma'ana. Ba wanda ya taɓa nuna mana tazarar da ke tsakaninsu.

Ya fara da *reluctant* da *unwilling*, waɗanda a wurin yawancinmu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda aka ce *reluctant* ne, ransa bai so ba, amma ƙila ya yi, sau da yawa ma yi yake. Shi ya sa ake cewa *he reluctantly agreed*, wato ya amince ba don ya so ba, amma dai amincewar ta tabbata. *Unwilling* kuwa niyyar ce babu. Malam ya ce asalin *reluctant* daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin kokawa, ta shigo Turanci a ƙarni na 17, kuma har gobe kokawar na nan a cikinta: mutum na fama da zuciyarsa, ba a kai ga sanin wanda zai yi kaye ba.

Da ma ya ce kowa ya zo da saƙon gaske daga wurin aikinsa, a rufe sunaye. Ni na buga wani imel da ya shigo mini a makon, daga masu shirya bitar kwana biyu ta mutum 80. Na nemi su biya kuɗin duka kafin in shiga kasuwa, suka amsa da cewa *We are reluctant to pay the full amount in advance.* Malam ya karanta a fili, ya tambayi aji: sun ƙi, ko ba su ƙi ba? Kusan kowa ya ce sun ƙi. Ya gyara tabarau, ya matso da takardar gabana, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya. "Hajiya, wannan ƙofa sakaya ta aka yi, ba a sa mata kwaɗo ba. Dubi *full* ɗin nan. Ba kafin alƙalami suke gudu ba, biyan duka suke gudu. Da sun gama magana, da *unwilling* za su rubuta, ko su ce ƙa'idarsu ta hana." A nan kan benci muka tsara amsa a wayata: kashi 60 kafin aiki, ciko ranar da aka kammala taro. Washegari da hantsi suka amince.

Daga nan ya kawo ta uku, *hesitant*. Ita ma Latin ce, asalinta maƙalewa, mutum ya tsaya cak bai yi gaba ba bai yi baya ba. Wannan shi ne ɗari-ɗarinmu. Mai *hesitant* ba ragi yake nema ba, natsuwa yake nema, don bai san ki ba, bai taɓa cin girkinki ba. In kika rage masa farashi ma ƙara tsorata shi za ki yi. Abin da ya dace ki tura masa hotunan aikin da kika yi, ki ba shi lambar wanda ya taɓa ba ki oda, ko ki kai masa ɗanɗano ofis. Mai *reluctant* a sassauta masa sharaɗi. Mai *unwilling* a yi masa godiya a nemi wani. Sai kuma *unable* ta ofisoshi, inda mai rubutu ke ɗora laifin a kan ƙa'ida: ja-in-ja da shi ɓata lokaci ne, gara ki tambaye shi me ƙa'idar ta yarda da shi. Ni a ganina ko wannan kaɗai aka koya mini a wata biyun, ban yi asara ba, don kowace kalma tana faɗa mini abin da zan yi gobe da safe: in je kasuwa, in tura hoto, ko in kira wata kwastoma.

Sauran kalmomin ya ɗan yi sauri a kansu, wasu ma na san da wuya in taɓa rubuta su, amma ji da ganewa ya ishe ni. *Loath* tsohuwar kalmar Turanci ce mai tushe a ƙiyayya, ta fi *reluctant* nauyi, kuma an fi ganinta a jarida da littafi, kamar a ce *loath to admit* ga mutumin da amsa laifi ke yi wa ɗaci. In aka ƙara mata harafin e a ƙarshe ta zama *loathe*, to an koma tsana muraran. *Averse* ba ta abu ɗaya ba ce, hali ne zaunanne. Ɗan banki ya gane ta nan take, ya ce kullum suna jin *risk-averse* a wurin aiki, wato mai gudun kasada. Ƙara mata d ta zama *adverse*, sai ma'aikatan jinya suka karɓe zancen, don ita ce ke jikin takardar magani a wurin da ake lissafa illoli. Akwai kuma ɗan tarkon nahawu da Malam ya nanata har sai da ya zauna mana: ana cewa *reluctant to go*, amma *averse to going*.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce *not averse to*. A zahiri "ba na ƙyama" take nufi, a baɗini kuwa so ne ake ɓoyewa. Alhaji ya ce ai wannan tamu ce, ita ce "ba zan ƙi ba" ta baƙon da aka ce masa bismillah alhali tun shigowarsa idonsa na kan kwano.

*Grudging* ita ce ƙyashi, a ba ka ana gunaguni, kuma Malam ya ce daga tsohon Faransanci ta zo, inda take nufin gunagunin kansa. Duk mai sana'a ta san kwastoman da ya biya ciko *grudgingly*, sai an yi ta kira, ya turo kuɗin ko sannu babu. *Half-hearted* aikin a yi dai a gama ne, irin na yarinyar da aka tayar daga barci wanke-wanke. *Drag their feet* kuwa jan ƙafarmu ce sak, har Malam ya gargaɗe mu kada mu saba da tsammanin irin wannan dacen, don ba kasafai ake samunsa ba. Sai *balk*, wadda 'yan Ingila kan rubuta *baulk*. Ta doki ce, ya taho a guje ya iso shinge ya cije. A ciniki ana cewa *they balked at the price*, wato komai na tafiya daidai har sai da aka ambaci kuɗi. Da Malam ya ce asalinta a tsohon Turanci tudun da ake bari a gona ne ba a nome ba, wato kunya, sai ya yi murmushi ya ce, "Kun ga ko a can ma kunya ce ke tsayar da mutum." *Demur* ta lauyoyi da manyan taro ce, nuna rashin gamsuwa cikin ladabi, kuma ba ruwanta da *demure* ta mace mai kamun kai. *Recalcitrant* daga kalmar dunduniya ta fito a Latin, dabba mai harbi da ƙafar baya, ana faɗa wa kangararren ma'aikaci ko ɗalibi. *Reticent* ta kame baki ce, ba ta ƙin aiki ba, ko da yake mutane da yawa yanzu suna sa ta a gurbin *reluctant*, har wasu ƙamusoshi sun karɓa. Malam dai bai karɓa ba, jan biro yake sa mata.

Ɗaya daga cikin 'yan matan JAMB ta tambaya, cikin gajiya, me ya sa harshe ɗaya zai tara kalmomi haka a kan abu guda. Amsar da ya ba ta ta ci rabin awa, kuma ban ji haushin lokacin ba. Ya ce Turanci hawa uku ne. Akwai na ƙasa, tsohon Turancin mutanen gari, inda *unwilling* da *loath* suka fito. A 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, ta nan *refuse* da *decline* da *demur* suka shigo. Daga baya masana suka yi ta ɗebo Latin kai tsaye, su *reluctant* da *hesitant* da *reticent*. Shi ya sa sau da yawa doguwar kalmar ta fi kama da ta takarda da ofis. Ya ce mu duba Hausa ma: malami a wurin tafsiri zai ce taraddadi, wadda Larabci ce ta ba mu, mai tumatir a kasuwa kuma ya ce ɗari-ɗari, dukkansu Hausa suke yi, amma kowace da wurin zamanta. Tun ran nan in na ga baƙuwar kalma nakan fara tambayar kaina ta wane hawa ce.

Mako na huɗu aka juya tambayar: to kai fa, yaya za ka ƙi? A nan ne na gane rauninmu bai tsaya ga rashin kalmomi ba. Da Hausa mun iya ƙi ba tare da mun ce a'a ba, muna da kara, muna da kawaici, muna da "Allah ya hore" da "sai dai wani jiƙon". Da mun koma Turanci sai duk wannan ya zube, ya rage mana *no* da *I will not*, mu fito kamar marasa tarbiyya alhali ba haka muke ba. Ko kuma tsoron hakan ya sa mu karɓi aikin da muka san ba za mu iya ba.

Malam ya rarrabe mana su. *Decline* ita ce ƙi cikin mutunci, ta gayyata da tayi. *Refuse* ba ta da lulluɓi. *Reject* mayarwa ce, ta kaya ko takardar neman aiki, kuma tana da zafi in aka faɗa wa mutum. *Turn down* ta hira ce, tsaka-tsaki. *Deny* musantawa ce ko hana mutum abin da ya nema, ba a sa ta wurin ƙin zuwa biki. Amma abin da ya fi ba ni mamaki ƙaramar kalmar nan ce *won't*. Mu a makaranta an ce mana ta gobe ce kawai, abin da ba zai faru ba. Ashe tana ɗauke da ƙi. *The car won't start* mota ta ƙi tashi ke nan, kamar yadda muke faɗa, *he wouldn't listen* kuma ya ƙi ji. Don haka wanda ya rubuta wa shugabansa *I won't come* yana nufin uzuri gare shi, abin da ya isa kunnen shugaban na iya zama "na ƙi zuwa". Abin da ya kamata shi ne *I won't be able to come*. Haka *I'm afraid* a farkon jimla ba tsoro ba ne, shimfiɗa ce kafin a faɗi abin da ba za a so ji ba. *I'd rather not* ita ce mafi kusa da noƙewarmu, gajera, ba rashin kunya, ba kuma sai an kawo dalili ba. Ɗan banki ya jefo *I can't be bothered* da ya tsinta a fim, Malam ya ce ya ajiye ta a majalisar abokai, don ƙyuya ce tsirara, in ya faɗa wa manaja ya nemi wani aikin.

Sai aka zo gwaji. Malam ya fito da Alhaji da ɗaya daga cikin ma'aikatan jinya, yarinya ce da ba ta fi sa'ar 'yar autar Alhajin ba. Wasan shi ne Alhaji shugabanta ne, zai nemi ta karɓi aikin dare ranar hutunta, ita kuma ta ƙi da Turanci. Alhaji ya gyara babbar riga, ya yi tambayarsa da Turancinsa na Panteka. Yarinya ta buɗe baki, ta rufe, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi. Can ta ce, "Wallahi Malam ba zan iya ce wa Baba a'a ba, ko da wasa ne." Aji ya fashe. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yata, a asibitin da za ki je, in ba ki iya wannan jimla ba, ke za a riƙa jibga wa aikin dare har ki kwanta ciwo. Ba rashin kunya nake koya miki ba. Dubi allo, ki faɗa wa allo." Ta dubi allo ta ce *I'm afraid I won't be able to, I have other plans.* Ya sa ta maimaita tana duban hular Alhaji, sannan tana duban fuskarsa. A na ƙarshe muryarta ba ta rawa. Alhaji ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ban ji zafi ba ko kaɗan." Daga nan gardama ta tashi a kan ko Turawa na da kara. Alhaji ya ce sam. Malam ya ce suna da irin tasu, a cikin jimla suke naɗe ta: in ɗan Ingila ya ce maka *I'm not sure that would work*, ba shakka yake yi ba, ya riga ya ƙi.

To, yabo ya isa haka. Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wanda zai biya kuɗinsa ya kamata ya sani.

Babba a ciki, ba kullum Malam ke shiga ba. Yana da mataimaki, wani saurayi da ke karɓar aji in ya yi tafiya ko yana ɗaya ɗakin, kuma a rabin ƙarshe na kwas ɗin shi muka fi gani. Yaron ba shi da laifi a hali, yana da ladabi, "Mama" yake ce mini. Amma koyarwarsa ita ce ainihin abin da Malam ya zo rushewa. Zai juya baya ya cika allo da kalmomi, ya sa alamar daidai a tsakaninsu, *reluctant* daidai da *unwilling* daidai da *averse* daidai da *loath*, ya ce a kwafa a haddace. Da na ce masa ai Malam ya ce ba ɗaya ba ne, sai ya ce a jarrabawa ɗaya ne. Gaskiyarsa ta wani ɓangare, don haka tambayoyin WAEC da NECO da JAMB suke zuwa, a zaɓi mafi kusa a wuce. Amma ni ba jarrabawa na zo ci ba, kuma ba a kan haka aka karɓi kuɗina ba. Da lokacin JAMB ya matso sai aka ƙara cusa mana ɗalibai, benci mai cin mutum uku ya koma cin biyar, darasi ya karkata wajen tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Kamata ya yi a raba aji: masu jarrabawa daban, masu sana'a da ma'aikata daban. Hatta masu IELTS ba su samu yadda suke so ba, don jarrabawarsu kashi huɗu ce, saurare da karatu da rubutu da magana, su kuwa saurare da magana kusan ba a taɓa su. 'Yar lasifikar da ake kunna muryoyin Turawa da ita tana shaƙewa, ga janaretan masu buga takardu na ruri a ƙasa. Bambancin furucin *loath* da *loathe*, wanda duk a sautin ƙarshe yake, sau ɗaya aka faɗa aka wuce. Harshen Bahaushe kuwa ya saba mayar da wannan sauti s ko z, yana buƙatar maimaici, ba bayani ba.

Na biyu ya shafi Malam kansa, duk da girman da nake ba shi. Turancin Ingila yake koyarwa, na littafi da rediyo. Masu rubuto mini imel kuwa yawancinsu 'yan Najeriya ne, daga Abuja, Legas, Jos, ko nan Barnawa. Wani zai rubuta *reluctant* yana nufin ƙi ƙememe, don shi ma a jere aka koya masa. Kuma babbar kalmar noƙewa a ofisoshinmu ba ta cikin darasin ko kaɗan: *we will revert*, wato za mu waiwaye ki, sannan shiru har abada. Da ɗan banki ya ce ai mafi ƙarfin ƙi a ƙasar nan *I no gree* ce ta buroka, wato ban yarda ba, yana tuna mana *no gree for anybody* da matasa suka yi ta yayi a farkon 2024, Malam ya ɓata fuska ya ce ba wannan ya kawo mu ba. Ni ina ganin ya kawo mu. Wanda ke ciniki a Kakuri ko Sabon Tasha yana buƙatar sanin wannan kamar yadda yake buƙatar na littafi. Don haka abin da nake yi yanzu, in kalmar ta zo daga wanda na ga rubutunsa a tsare yake, ina ɗaukarta da nauyin da Malam ya ba ta. In ba haka ba, sai in ɗaga waya in kira, in ji murya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na wuri ne. Ɗakin da zafi, in babu wuta fanka ado ce. Matakalar benen a tsaye take, Alhaji sai ya huta a tsakiya. Takardun da ake rabawa wasu sun dusashe saboda yawan kwafi, har sai ka tambayi na kusa da kai wane harafi ne wannan, a darasin da harafi ɗaya ke canza ma'ana. Babu wurin alwala na mata, ga shi ana tashi dab da Magariba, sai dai ki yi sauri ki kama hanya. Ba a cika farawa a kan lokaci ba, amma tashi ba ya wuce lokacinsa.

Wa zan ce ya je? Mai sana'a ko ma'aikacin da ya riga ya iya karanta Turanci, yake mu'amala da takarda ko imel, kuma ya gaji da kai wa ɗansa waya yana cewa "duba mini me suke nufi". Wanda bai yi nisa a boko ba zai sha wahala, don ba daga baƙi ake farawa ba. Mai shirin IELTS kuma ya haɗa da wani wurin da ake yin magana sosai. In za ki je, ki tambaya tun kafin ki biya ko Malam ne da kansa zai ɗauki ajin, da kuma ranakun da yake shiga. Ki guji zangon da ya faɗa kusa da JAMB. Ki tara saƙonninki na gaske ki tafi da su, don ya fi sakin jiki a kan takardar da ke da kuɗi a bayanta fiye da misalin littafi. Ki kuma je da wuri ki kama bencin bakin taga.

Takardar shaidar kammalawa daban ake biya, naira 5,000 suka ce. Ni ban karɓa ba, don har yau ba wanda ya taɓa tambayata satifiket kafin ya ba ni odar shinkafa.